Ranar da Lagireto Ya Kai Mu Taba

Tun da muka dawo daga Hunkuyi ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona, ko ɗinki ya kawo ko inuwa ya biyo, sai ya ce, "Audu, wai da gaske motarka taba take sha yanzu?" Wasu ma tambayar ba ta isarsu, sai sun sa na buɗe bonet sun ga gwangwanin tumatirin da ke ɗaure a jikin injin da idonsu. Na gaji da tsayar da keke ina maimaita zance, masu kaya suna harara ta. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Wanda ya zo neman abin dariya zai samu, amma mu ba dariya ce ta fitar da mu daga gida ba.

Ni tela ne a Ikara, kuma ni ne ɗan farin mahaifiyata. Inna irin matan da ce. Ba ta taɓa kama sunana ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana so in ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "Tuwo dai yana hucewa." Da na sayi mota sai ta samu sauƙi, na koma Mai mota. Ko ina tsaye a gabanta sai ta ce da ƙanwata, "Asabe, gaya wa Mai mota ya sage mini labulen nan."

Mutum ɗaya ya rage wa Inna a ɗakinsu, yayarta Iya Kulu da ke Hunkuyi. Ita ta goye ta, ita ta raka ta ɗakin miji. Tsufa ya taɓa wa Iya Kulu tunani, har yawancin kwanaki ba ta gane 'ya'yan cikinta. Amma jefi-jefi takan tashi garau, ta san kowa, ta tambayi kowa, sai rana ta karkata abin ya sake tafiya. Inna ta je a baya, ba ta dace da irin wannan ranar ba. Ta zauna gaban yayarta ana yi mata sannu da zuwa kamar baƙuwa, ta dawo ba ta iya cin abinci.

Ran nan da hantsi Haruna, babban ɗan Iya Kulu, ya kira ni. "Audu, ta tashi garau. Tun asuba take cewa ina Hanne. Ku taho yanzu, don Allah kada ku bari la'asar ta yi."

Hanne ita ce Inna. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta shirya da sauri irin na ranar ba. Kafin in rufe shago tana cikin mota a baya, da ƙullinta a cinya, Asabe na gaba tana ce mini in yi sauri kamar ni na haifar da nisan.

Motata 'yar Kwatano ce, ta tsufa amma ba ta cika ba ni kunya ba. Ɗanjuma makanikina ya duba ta bai daɗe ba. A wannan dubawar ma ya cire wani faifan ƙarfe da ke ƙara a gefen injin, ya jefar, ya ce kayan ƙawa ne na Turawa, ba ya aikin komai. Na ji daɗi don ƙarar ta daina. Na cika lagireto da ruwan rijiya, na jefa jarka a but, muka kama hanya.

Ikara zuwa Hunkuyi ba tafiyar da za a yi wa guzuri ba ce. Mun wuce gonakin masara lafiya, Asabe tana ba ni labarin masu sayen atamfarta da ba sa sanin abin da suke so. A iyakar ƙaramar hukuma muka tarar da mutanen nan masu gicciye katako mai ƙusoshi a hanya suna duba sitika. Ɗayansu ya leƙo, ya ga tsohuwa a baya, sai ya rusuna ya gaishe ta ya ja katakonsa. Har na fara tafiya ya bubbuga bayan motar.

"Maigida, motarka fa tana fitsari."

Na leƙa ƙasa, na ga ɗigo kaɗan a kan kwalta. Na ce a raina ruwan da na zuba ne ya yi ambaliya. Amma da muka tsallaka babban titi muka nufi Makarfi, allurar zafi ta fara hawa. Ina kallonta tana kallona. Muna shiga gari tururi ya taso ta gefen bonet, na gangara kusa da masu rake na kashe.

Mutanen Makarfi ba sa barin baƙo ya sha wahala shi kaɗai, sai sun taya shi da baki. Kafin in ɗaga bonet an kewaye ni. Na miƙa hannu zan kwance murfin lagireto, wani dattijo direban motar rake ya kama mini wuyan hannu, kamun da na ji har kafaɗa. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa fatar ta yi fari ta tattare.

"Murfin nan ne ya yi mini," in ji shi. "Ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, murfin ne kawai ke danne shi. Ka bar ta ta huce."

Wani mai hanzari ya taho da bokiti zai sheƙa wa injin ruwan sanyi, dattijon ya daka masa tsawa. Ya ce ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi daidai suke da kwalbar fitila da ɗigon ruwa, tsagewa ne ƙarshensu. Muka tsaya jira. Jira kuwa a ranar ya fi mini komai ciwo, don duk sanda na waiga sai in ga Inna tana duban inuwar bango tana auna rana.

Da motar ta huce muka zuba ruwa, aka gano wurin. Ɓuli ne ƙarami a jikin lagireto, bai fi bakin allurar ɗinkin hannu ba, ruwa na tsartuwa siriri. A nan na ji ilimin da ban taɓa ji ba. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, zai dahu ya toshe. Wani ya ce ƙwai na masu ƙananan motoci ne marasa hankali, garin barkono ake zubawa. Mai mazarƙwaila ya rantse garin kuka ya fi duka. Asabe ta leƙo ta taga ta ce, "To saura daddawa da man shanu, sai a kawo tuwo." Aka yi dariya, har da masu shawarar.

Ni abin ya ba ni sha'awa, don a wurinmu a Ikara maganin zafin mota bai wuce a ajiye ta a gindin bishiya a ce Allah ya kyauta ba. Su kuwa masu jigilar rake sun mayar da yaƙi da zafi sana'a. Na ga motar dattijon nan, ya cire murfin gefen injin gaba ɗaya don iska ta ratsa. Ya naɗe wani wuri da tsumman buhu yana jiƙa shi lokaci-lokaci, wai kada mai ya tafasa a hanya. Wayoyin da suka bi kusa da salansa ya tufatar da su da takardar gwangwani mai ƙyalli, ɗauri tsaf kamar na mai lalle. Da ba sauri nake ba da na wuni ina tambaya.

Mai gyaran lagireto na garin ya tafi ɗaurin aure. Ƙwai da barkono kuwa zuciyata ta ƙi. A ƙarshe dattijon ya murza sabulun wanki a bakin ɓulin har ya cushe, ya ce zai ɗan riƙe. Sannan ya leƙa cikin motar ya nuna mini wani maballi da ban taɓa murɗawa ba.

"Motar ƙasar sanyi ce, tana da na'urar ɗumama ɗaki. In allura ta hau, murɗa wannan zuwa ja. Zafin injin zai shigo wurinku, ita ta samu sauƙi."

Haka kuwa aka yi. Muka bar Makarfi muka kama hanyar Kudan da tsakar rana, gilasai a sauke, iska mai zafi na busowa daga ƙarƙashin sitiyari kamar an zauna a bakin murhun mai ƙosai. Asabe ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kujera tana tsine wa ƙasar sanyi da mutanenta. An saya wa Inna mazarƙwaila, ta narke a leda. Ita dai idonta yana kan hanya.

Sabulun bai daɗe ba. Allura ta sake hawa, wannan karon da gaggawa, na tsaya a wani wuri da ba kowa sai gonakin rake hagu da dama. Ruwan jarka ya kusa ƙarewa. Na kira Ɗanjuma, da ƙyar ta shiga. Ina jin ana ta buga guduma a bayansa.

"Ɗanjuma, lagireto ke yoyo. Mun wuce Makarfi, muna hanyar Kudan."

"Babban ɓuli ko ƙarami?"

"Kamar bakin allura."

"To ku nemi taba!"

"Taba?"

"E mana, taba! In dai kun samu taba, za ku kai."

Waya ta yanke. Na dubi Asabe, ta dube ni. Ta ce, "Ai Taba tana nan gaba, ana ratsewa. Ƙawata tana aure a wajen, ta ce akwai wani mai gyaran inji da ake ji da shi." Na ce lallai Ɗanjuma ya san mutane, har a ƙauyukan Kudan yana da abokin sana'a. Ban ga wata ma'ana ta biyu ba. Mutum yana ƙasar Kudan aka ce masa ya nemi Taba, me zai nema in ba gari ba?

Daga baya Inna ta yi gyaran murya. "Asabe, a sake kiran yaron nan mana."

Na sake kira, ba ta shiga. Na ga Inna ta madubi ta buɗe baki, ta dubi ƙeyata, ta rufe. Na ɗauka addu'a take yi.

Muka ratse muka bi hanyar burji. Tafiyar ta koma ta hawainiya: in ja kaɗan, allura ta hau, in kashe, mu jira, in roƙi ruwa a wurin masu ban-ruwa. Manoman wajen mutanen kirki ne, amma gaisuwarsu ba ta da birki. Sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi mutanen Ikara ɗaya bayan ɗaya kafin a miƙo bokiti. Ina amsawa ina duban rana.

Ana kiran azahar muka shiga Taba. Mai gyaran injin sunansa Bulus, mutumin kudancin Kaduna ne da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ba makanikin mota ba ne, injinan ban-ruwa yake gyarawa a gindin wata mangwaro, an jere masa su kamar marasa lafiya a asibiti. Matarsa ta shimfiɗa wa su Inna tabarma a zaure, ta kawo buta ba tare da an tambaya ba. Da muka idar ta kawo fate mai zafi da yakuwa. Na ci, kunya ce kawai ta hana ni suɗe kwano. Inna ta ɗanɗana don kada a ji ba daɗi.

Na ce da Bulus, "Ɗanjuma na Ikara ne ya turo mu wurinka."

Ya ɗago daga kan injin da yake gyarawa. "Ɗanjuma? Ban san shi ba. Me ya ce?"

"Cewa ya yi mu nemi Taba."

Ya dubi lagireton, ya dubi ɓulin, ya dube ni. Sai ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya zauna a kan wani inji yana share ido da bayan hannu.

"Maigida, ka yafe ni. Garin taba yake nufi, ta tsofaffi, wadda ake sawa a baki. Ita direbobi ke zuba wa lagireto. Da ka saye ta a bakin titi da yanzu kun isa."

Asabe ta ce, "Innalillahi." Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Dariyar ta so ta kama ni, sai na tuna abin da ke jiranmu a Hunkuyi, ta koma.

Amma zuwan bai zama na banza ba. Bulus ya ce shi mota ba fanninsa ba ce, sai dai ruwa ruwa ne, kuma wanda muke zubawa ya fi ƙarfin wannan ɗan ɓulin. Ya kwanta ya leƙa, ya zura hannu ta baya, ya kira ni. Wani ƙaramin tiyon ruwa ne da ya bi kusa da inda salansa ke fita daga injin. Gefensa ya gasu ya yi tauri, ya tsage kamar busasshiyar fata, yana zubar da ruwa a kan ƙarfe mai zafi, ruwan na ƙonewa tun kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa ba wanda ya gani a Makarfi.

"A nan akwai ramukan noti, babu abin da suka riƙe," in ji shi. "An cire wani abu?"

Na ba shi labarin faifan Ɗanjuma. Ya girgiza kai. "Ina jin shi ne garkuwar. Shi ke tsakanin wuta da roba."

Abin da ya yi daga nan aikin tela ne sak, shi ya sa na tsuguna ina kallo. Ya yanke ƙonannen wurin, ya ƙara guntun tiyo daga na injin ban-ruwa, ya ɗaure da waya. Ya aika aka kawo babban gwangwanin tumatir, ya farke shi da almakashin ƙarfe, ya auna da ido, ya lanƙwasa, ya huda. Ya ɗaura shi a ramukan nan, ya bar tazarar yatsa tsakaninsa da salansa. Na ce me ya sa bai manna shi ba. Ya ce in ya manna, gwangwanin ma zai zama wuta. Iskar da ke tsakani ita ke aikin, gwangwanin inuwa kawai yake yi.

Saura ɓulin lagireto. Bulus ya ce ba shi da dalmar da zai liƙe shi, sai dai tabar. Aka shiga nema. Nan na ga abin mamaki: a garin Taba babu taba. Tsohuwar da ke sayarwa ta tafi cin kasuwa. Wanda aka sani yana sha ya ce tasa ta ƙare jiya. Wani da aka je wa ya ji haushi, ya ce wa ya ce yana sha. Ana ta kai da kawo, inuwar mangwaro tana ƙara tsawo, waya ta yi ƙara. Haruna ne.

"Kuna ina? Ta sa an ɗaura mata sabon zani, tana zaune a bakin ƙofa. Amma ta fara maimaita magana."

Ban san Inna ta ji ba. Sai na ga ta fito daga zaure a hankali, ta tsaya bayan Asabe. Ta sa hannu a ƙugunta, ta kwance lalitarta, ta fito da 'yar ƙaramar batta da ta sha hannu har ta yi sheƙi. Ta miƙa wa Asabe, fuskarta na kallon katanga.

"Ba Mai mota."

Na dubi battar, na dubi Asabe. Likita ya hana Inna taba tun da hawan jini ya kama ta, kuma ta ce mana ta bari, mun yarda. Asabe ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe. Bulus ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Mun gode, Mama," kamar wanda aka ba magani daga Makka.

Ya tayar da injin, ya zazzaga garin a bakin lagireto kaɗan-kaɗan. Muka tsuguna muna kallon ɓulin. Tsartuwar ta koma ɗigo, ɗigon ya koma gumi, can sai wurin ya bushe. Bulus ya ce garin ne ke bin ruwa, in ya zo fita sai ya kumbura ya cushe ƙofar. Ya ja mini kunne cewa wannan faci ne na kai-ni-gida, in na bar shi zai toshe har hanyoyin da ba a so ya toshe. Ya ce kada in ɗaure murfin tam, in bar shi sako-sako don kada ƙarfin tururi ya tunkuɗe facin, kuma kada in yi gudu.

Kada in yi gudu. Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka gaya mini ranar. Muka fito titi, ƙafata tana ƙaiƙayi a kan totur, na san in na taka facin zai buɗe mu kwana a daji, in ban taka ba rana za ta riga mu. Ban taka ba. Mota tana warin taba da ƙonannen tumatir, allura tana tsakiya abinta kamar ba ita ba.

A hanyar ne na ji Inna tana yi wa Asabe magana ƙasa-ƙasa.

"Tun da yaron nan ya faɗa a waya na gane. Marigayi babanku ya sha karɓe mini ita ya zuba wa motar itacensa."

"Haba Inna! To me ya hana ki faɗa?"

"A gaban wa?"

Na riƙe sitiyari na kafa ido a hanya kamar ban ji ba, don in ta san na ji, kunyar za ta ninka. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa da wa zan yi fushin. Da ita, da ni, ko da wannan kunyar da muka tashi muka tarar, wadda kullum nake alfahari da ita a gaban abokai.

An idar da la'asar muka shiga Hunkuyi. Haruna yana tsaye a ƙofar gida. Tun kafin ya yi magana na karanta a fuskarsa. Iya Kulu tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta cikin sabon zani, an sa mata kwalli. Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya." Tsohuwar ta dube ta da fara'a ta ce, "Maraba da baƙi. A kawo musu ruwa."

Muka yanke shawarar mu kwana, ko Allah zai sa gobe ta dace. An sauke ni a ɗakin zaure tare da buhunan masara da wani ɓera da ya ɗauke ni ɗan haya. Mutanen Hunkuyi hatsi ne zancensu, ko gaisuwa aka yi sai an gangaro kan farashin buhu. Tuwonsu kuma ba a yi wa baƙo shi da wasa, malmala ɗaya ta ishe ni wuni.

Washegari Iya Kulu ta tashi, ba ta gane kowa ba. Don in rage zaman jiran, na kai motar wurin mai gyaran lagireto a bayan kasuwa. Ya kwance shi, ya wanke da ruwa mai ƙarfi, abin da ya fito kamar kunun kanwa, tsatsa da laka da tabar Inna. Ya liƙe ɓulin da dalma, ya toshe bakunan, ya nutsa shi a baho ya hura iska yana duban kumfa, yadda mai faci ke yi wa tayar keke. Ya ce ruwan rijiya ne ya ci shi ta ciki, ya zuba mini wani koren ruwa da ya ce ba ya saurin tafasa kuma ba ya kawo tsatsa. Da ya ga gwangwanin Bulus ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce in bar shi har in samu na ainihi. Ban samu ba har yau, shi ne wanda kuke zuwa kallo.

Mun ƙara kwana, jikin tsohuwar bai canja ba. Inna ta wuni gefenta tana tsefe mata kai, tana ba ta fura a baki. Iya Kulu ta saki jiki da ita sosai, har tana ce wa jikokinta baƙuwar nan tana da kirki. Haruna ya ba mu labarin ranar da muka makara, yadda ta yi ta lissafa sunayen ƙawayensu na ƙuruciya, ta sa aka ajiye wa Hanne cinyar kaza. Da ya ga fuskar Inna sai ya canja zance.

Da safen da za mu taho muka shiga sallama. Ina tsugune a bakin ƙofa, Inna ta durƙusa gaban yayarta ta ce za mu koma.

"Ina ne garin naku?" in ji Iya Kulu.

"Ikara."

Tsohuwar ta gyara zama, idonta ya yi haske. Ta kama hannun Inna da hannu biyu.

"Ikara? Ashe ke 'yar gida ce. Ina da ƙanwa a can, Hanne. Kowa ya san ta, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Don Allah in kin je ki neme ta."

"Zan neme ta," in ji Inna.

"Ki ce mata na jira ta, ban yi fushi ba. Na san wani abu ne ya tsare ta, ita ba ta saɓa mini. Ki ce in za ta taho kada ta fito cikin rana, tun tana ƙarama rana ke sa mata ciwon kai. Ta bari sai gari ya yi sanyi. Ina nan."

Asabe ta tashi ta fita da sauri. Ni ma na so in fita, amma na tsaya. Inna ta sunkuya ta ɗora goshinta a kan hannun yayarta, ta daɗe a haka. Da ta ɗago muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"To, Yaya. Za ta ji. Kamar a kunnenta."